Amsoshin Tambayoyinku: Farfelar da ta tsage, a liƙe ko a yar?

Wani mai sauraronmu daga Tasawa, wanda ke ɗaukar hoton bukukuwa da ƙaramin jirgi marar matuƙi har ƙauyukan Mayahi, ya tambaya ko zai iya liƙe farfelar jirginsa da gam ya ci gaba da aiki. Malam, amsarmu ita ce ka yar da ita. Farfelar irin wannan jirgi tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma ƙarfin da ke fizgar fiffikenta daga gindi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudun ya ninku biyu. Gam ba ya jure wannan. Ko ya riƙe, nauyinsa zai sa gefe ɗaya ya rinjayi ɗayan, jirgi ya riƙa kakkarwa, hoto ya ɓaci, boris ɗin injin ya cinye. Jirgi mai farfela 4 kuwa, ɗaya ta karye a sama, faɗowa zai yi, wataƙila a kan yara da suka taru suna kallo.

Za ka ce sabuwa sai an aika Maradi ko Kano, ga kuɗin mota. Gaskiya ne, amma farfela tana cikin kayan jirgin mafi araha, kyamara da injin su ne masu tsada. Ɗan ƙarcewar da rairayi ke yi wa bakin farfela lokacin hunturu, wannan ana iya haƙuri da shi. Tsagewa kusa da gindi, ko farin layi a inda robar ta lanƙwashe, ba su da magani, balle zafin bazara yana ƙara busar da roba.

Idan za ka saya, lura: cikin farfela 4 ɗin, biyu dama suke juyawa, biyu hagu. Sayi duka iri biyun, ka ajiye su a inuwa.