Darasin Sana'a: Kafin A Sauke Giyar Mota, A Duba Wuta

Jama'a, darasinmu na wannan wata na direbobi ne, da masu mota, da yara masu koyon kanikanci.

A da, yawancin motocinmu masu giyar hannu ne, irin su Fijo. Yanzu kuwa, a hanyar Dutse zuwa Kiyawa da Jahun, ko ta Birnin Kudu, za ka ga motoci da yawa masu canja giya da kansu, kamar Toyota Camry da Sienna. Su ake kira otomatik. Idan irin wannan giya ta fara ba da wahala, wasu sukan yi saurin cewa a sauke ta, a sayo wata. Wannan kuɗi ne mai yawa, har ya kai mutum ga sayar da sa ko buhunan riɗi. Alhali sau da yawa wuta ce kawai ta sami matsala.

Yadda abin yake aiki

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai naɗin waya, sunansa solonoid. Ƙwaƙwalwar mota tana aika masa da wuta, shi kuma ya ƙara ƙarfin man giya ko ya rage, kamar yadda mai lambu yake buɗe wa ruwa hanya ko ya toshe. Idan wutar ba ta iso ba, a yawancin motoci man yakan tafi da dukkan ƙarfinsa.

Alamomin ciwon

Mota tana fizga lokacin canja giya. Ko ta maƙale a giya ɗaya, ta ƙi sauka, ta ƙi hawa. Fitilar gargaɗi ta inji takan kama a gaban direba.

Matakai shida

1. Duba man giya. Mai kyau yawanci ja ne garau. Idan ya ragu, ko ya yi baƙi yana ƙauri, a fara da wannan.

2. Auna batir da mita. Idan mota a kashe take, lafiyayyen batir yana nuna kusan 12.6. Idan tana aiki, sai ya nuna wajen 14. Batir mai rauni yana rikita ƙwaƙwalwar mota.

3. Duba fis da wayoyi. Ɓera yakan ci waya, musamman a motar da ke kwana kusa da rumbu ko take ɗaukar hatsi. Zafin inji yana busar da robar waya ta tsage. Da damina kuma ruwa yakan shiga soket ɗin da ke jikin giya, ya yi tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4. A sa wa mota kwamfuta. Tun shekarar 1996, motocin da ake sayarwa a Amurka suna da wurin jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari, kuma motocinmu da yawa daga can suka zo. Na'urar takan nuna lamba. Lambar P0748 tana nufin matsalar wuta a layin solonoid mai daidaita ƙarfin mai. Amma lura, lambar ba ta ce solonoid ɗin ya mutu ba. Yana iya zama waya ce ta tsinke a hanya.

5. Auna solonoid. A kashe mota, a cire soket, a sa mita a ma'aunin om. A motocin Toyota da yawa, lafiyayye yana nuna tsakanin 5 da 6. Kowace mota da nata adadin, don haka a duba littafinta. Idan mita ba ta ga hanya ba sam, wayar ciki ta tsinke. Idan ta nuna kusan 0, wayar ta haɗe.

6. Idan solonoid lafiya yake, a bi wayar tun daga giya har ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ita ce ta ƙarshe da za a zarga.

Gargaɗi

Kada a jona solonoid da batir kai tsaye a bar shi, zai iya ƙonewa. Kada kuma a ci gaba da lodi da motar da ke fizga, don ƙaramin ciwo zai zama babba. Idan ta kama a sayo wani, a nan Dutse ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohon, a kuma auna wanda za a saya kafin a biya.

Mai mota, kana da ikon ka ce wa bakanike: "Malam, me mita ta nuna?" Ka rubuta lambar a takarda da hannunka. Ga amfanin karatu nan.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin solonoid?
2. Faɗi abubuwa uku da ke lalata waya.
3. Me ya kamata a duba kafin a sauke giya?