Yadda Igiyoyi Ke Ɗumama Rawanin Rana

Kowa ya san cewa idan mutum ya ja da baya daga murhu, zafin wuta raguwa yake yi. To amma rana ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Zafin fuskarta da muke gani bai wuce digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali iskar da ta kewaye ta can sama, wadda masana ke kira korona, wato rawanin rana, zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya. Wannan rawani shi ne farin hasken da ke bayyana lokacin cikakken husufin rana, irin wanda aka gani a wasu sassan Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ranar 29 ga Maris, 2006.

A shekarar 1942 ne Bengt Edlén, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa wani koren haske da ake gani a rawanin yana fitowa ne daga ƙarfe wanda aka raba kowace ƙwayar zarrarsa da lantarki 13. Zafi mai tsanani ne kaɗai ke iya yin haka. Daga ina ƙarfin yake zuwa?

Fuskar rana tana tafasa kamar tukunyar kunu. Iska mai zafi tana tasowa a dunƙule, kowane dunƙule faɗinsa kimanin kilomita 1,000, ta huce, ta koma ƙasa cikin 'yan mintoci. Wannan motsi yana haifar da igiyoyi, kuma aikin igiya shi ne ɗaukar ƙarfi daga wuri zuwa wuri ba tare da ta kwashi abin da take ratsawa ba.

Da farko an zaci igiyar sauti ce ke ɗumama rawanin. Yayin da take hawa, iskar tana ƙara sirancewa, kaɗawar kuma tana ƙara tsanani, tamkar yadda bulala ke yin ƙara a siririn bakinta. Daga nan sai igiyar ta fashe, ƙarfinta ya koma zafi. Matsalar ita ce tana fashewa da wuri, a ƙananan sassan iskar, kafin ta kai rawanin.

Hannes Alfvén, shi ma ɗan Suwidin, ya bayyana wata igiyar dabam a 1942, ya kuma sami lambar Nobel a 1970. Layukan maganaɗisun rana suna miƙe kamar tsirkiyar garaya. Idan tafasar nan ta girgiza gindinsu, sai kaɗawar ta bi su har sama. Irin wannan igiya ba ta matse iska, don haka tana yin nisa ba tare da ta yi asarar ƙarfi sosai ba. To yaya za ta sauke kayanta? Inda kaurin iska ya canza, wani ɓangarenta yakan juyo baya. Mai hawa da mai saukowa sai su yi karo, su hargitsa juna, manyan kaɗawa su rarrabu zuwa ƙanana, har ƙarfin ya zama zafi.

An hango irin waɗannan igiyoyi a rawanin rana a 2007. Kumbon Parker na Amurka, wanda aka harba a 2018, ya shiga cikin rawanin a 2021, ya kuma auna kaɗawar maganaɗisu kai tsaye. Har yanzu masana na muhawara kan rabon igiyoyi da na ƙananan fashe-fashen maganaɗisu a wannan ɗumamawa.

Sanin wannan yana da amfani, domin daga rawanin ne guguwar rana ke tasowa. A watan Maris na 1989 irin wannan guguwa ta katse wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada har kimanin awa tara.

Malami na iya nuna wa ɗalibai darasin da doguwar igiya: a ɗaure bakinta a jikin bishiya, a kaɗa ɗaya bakin, su lura da yadda kaɗawar ke tafiya, ta dawo, ta haɗu da mai zuwa.