DARASIN WATA: GONAR DA KE ƘARSHEN KWATA

Karatu: Maimaitawar Shari'a 11:10-12, Fitowa 34:21, Markus 4:26-29

 Darasinmu na wannan wata ya shafi dukan masu bi, amma musamman 'yan'uwanmu da ke zaune a yankin noman rani na Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Muna roƙon katikis na kowace majami'a ya karanta shi a gaban jama'a, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe a taron Zumuntar Mata da na maza da na matasa.

1. Yadda shekara take a dā

Dattawanmu za su tuna cewa a dā sararin sama ne yake raba wa manomi aikinsa. Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas a cikin watan Mayu ko Yuni, kowa ya ɗauki iri da sungumi. Damina ta wata huɗu ce, a cikinta ake shuka, da noma, da maimai, da huɗa. Kaka ta zo, a yanke gero da dawa, a cika rumbu. Daga nan sai hunturu ya sauko da hazo da ɗari, aiki ya yi sauƙi. A lokacin ne ake gyaran danga da baibayar ɗaki, a yi bukukuwan aure, a kai ziyara ga dangi na nesa. Da dare yara su kewaye wuta, kaka tana yi musu tatsuniya. Gaskiya ne cewa talauci yakan kori magidanta da yawa zuwa cin rani, kuma yunwar bazara ba wasa ba ce. Duk da haka shekara tana da wurin numfashi, wanda ba mutum ne ya tsara shi ba.

Bayan babban fari na shekarun 1972 da 1973, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da aikin. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar kwata, ya rarrabu zuwa ƙananan kwatoci har ya kai fangalin kowane manomi. Dubban kadada da a dā suke zama fako tun daga Nuwamba har zuwa Mayu sun koma kore shar. Wannan babbar baiwa ce, kuma wajibi ne mu gode wa Allah dominta. Da kuɗin tumatir da shinkafa iyaye da yawa suka sa 'ya'yansu a makaranta, suka yi rufin kwano, suka taimaka aka gina majami'u.

Amma ku duba yadda shekara ta koma. Da damina shinkafa da masara. Kafin a gama casa, an fara renon irin tumatir da albasa. A cikin Nuwamba a shuka alkama, domin tana son sanyin hunturu. Daga Janairu zuwa Maris a shiga tsinkar tumatir, kwanduna suna jiran mota a bakin hanya da kasuwar Kwanar Gafan. A yanke alkama a cikin zafin bazara, sai ga hadari ya sake haɗuwa. Mata kuma suna kan turara shinkafa da shanya ta tun daga asuba har faɗuwar rana. Ranin da a dā yake ba mu hutu ya zama damina ta biyu. Tambayar da wannan darasi yake yi mana ita ce: tun da yanayi ya daina tsayar da mu, wa zai tsayar da mu?

2. Abin da Littafi Mai Tsarki yake koya mana

A karatunmu na farko Musa yana kwatanta wa Isra'ilawa ƙasashe biyu. A Masar, inda suka yi bauta, manomi ne yake jawo ruwa zuwa shukarsa da ƙarfinsa, kamar mai lambu. A ƙasar alkawari kuwa ruwan sama ne yake shayar da tuddai da kwaruruka, kuma Ubangiji da kansa yake lura da ita daga farkon shekara har ƙarshenta. Musa bai ce ban ruwa zunubi ba ne. Yana faɗakar da su ne game da abin da yakan faru a zuciya. Mai jiran ruwan sama ya san cewa ba shi da iko, saboda haka yakan ɗaga kai ya yi roƙo. Mai buɗe ƙofar kwata da hannunsa kuwa yana iya fara zaton cewa shi ne mai ba da ruwa. Mu da muke noma iri biyun, ya kamata mu tuna cewa ruwan da ke kwance a Tiga ma ruwan sama ne, wanda Allah ya zubo a kan tuddan kudu, aka tare shi. In damina ta gaza, madatsa ma takan ja baya. A shekarar 2016 kuma mun ga yadda 'yar ƙaramar tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da jihohin maƙwabta cikin 'yan makonni, ga ruwa, ga taki, amma babu amfani.

Karatu na biyu umarni ne game da ranar hutu, kuma abin lura shi ne an ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi da sunansu. Allah ya san cewa a waɗannan lokatai ne manomi zai ce ba shi da sarari. Hutu a lokacin da babu aiki kowa yana iya yinsa. Hutun da ke nuna bangaskiya shi ne wanda aka yi alhali aiki yana kira.

A karatu na uku Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mutumin da ya yafa iri, ya tafi ya yi barci, ya tashi, iri kuma ya tsiro ya yi girma ba tare da ya san yadda aka yi ba. Kowane manomin alkama shaida ne. Ka gyara fangali, ka shuka, ka ba da ruwa, amma ba ka taɓa shiga cikin ƙasa ka fasa ƙwayar da hannunka ba. Rabin aikin gonarka yana gudana ne a lokacin da kake barci. Wanda yake yin wannan rabin ba zai bar ka ka lalace domin ka ba shi yini guda ba.

3. Gida ne a ƙarshen kwata

Duk wanda ya yi noma a wannan yanki ya san bambancin gonar da ke bakin ƙofar ruwa da wadda ke can ƙarshen kwata. Na farko ya sha ya ƙoshi, na biyu ya tare nasa, haka har ruwa ya raunana. In kuma laka da kacala sun toshe hanya, mai gonar ƙarshe sai ya tsaya yana kallon shukarsa tana yaushi, alhali ruwa yana nan a sama. Mun sha ganin rigima a kan haka, mun kuma san cewa ba adalci ba ne.

To, 'yan'uwa, lokacin kowannenmu ma kwata ce. Gona tana bakin ƙofa, ta sha da fari. Kasuwa ta tare nata. Mai bin bashin taki ya tare nasa. Majalisar abokai da wayar hannu su kwashe abin da ya rage. Sa'an nan a can ƙarshe akwai mata, da 'ya'ya, da tsofaffin iyaye, da addu'a. Abin da yake kai musu shi ne gajiya da faɗa.

Ku ɗauki misalin magidanci wanda ya fita tun duhun asuba, ya dawo bayan yara sun yi barci, haka har wata uku na tsinkar tumatir. Ya ciyar da su, ya tufatar da su, ba wanda zai kira shi rago. Amma ɗansa mai shekara goma sha biyu ya daina zuwa ajin katikisim, domin ana bukatarsa wajen korar tsuntsu da ɗaukar kwando. 'Yarsa ta fara tafiya da ƙawayen da bai sani ba. Matarsa tana da damuwar da ta rasa lokacin faɗa masa. Ranar da ya farga, icen ya riga ya bushe, ba ya tanƙwaruwa. Tumatir da ya ruɓe bana ana iya sake dasa wani baɗi, amma yaro sau ɗaya yake yin shekara goma sha biyu. Hausawa sun ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Ƙoshin gida kuwa ya fi tuwo. Ya haɗa da zama, da saurare, da tarbiyya.

4. In ruwa ya zo ranar Lahadi fa?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma Ikilisiya uwa ce mai sanin halin 'ya'yanta. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta wajabta wa mai bi halartar Misa a ranar Lahadi, da barin ayyukan da za su hana shi sujada, da farin cikin ranar Ubangiji, da hutun jiki da na zuciya. Katikisim na 1992 ya bayyana cewa bukatar iyali ta gaske tana iya zama uzuri game da hutun Lahadi, amma ya yi kashedi kada uzurin ya zama al'adar da za ta cuci addini, da zaman iyali, da lafiya. Ubangiji da kansa ya yarda a ciro dabbar da ta faɗa rijiya a ranar Asabar. Saboda haka wanda juyin ruwansa ya faɗo ranar Lahadi, kuma in bai ba da ruwa ba shukarsa za ta mutu, kada ya ɗora wa kansa laifin da Allah bai ɗora masa ba. Sai dai ya bincika zuciyarsa: jakin nan faɗawa ya yi, ko kuwa ni nake tura shi rijiya kowane mako?

Akwai hanyoyi. Wanda ya halarci Misa a yammacin Asabar, inda ake yinta, ya cika wajibinsa. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako, Ikilisiya ta ƙarfafa a taru tare da katikis a ji Maganar Allah, ko iyali su keɓe lokaci su yi addu'a tare. Ana kuma iya yin musayar juyi da maƙwabci. Da yawa cikin maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma muna ganin yadda sukan ajiye fartanya ranar Juma'a su tafi masallaci. Wannan abin koyi ne. Ka kula masa da ruwa ranar Juma'a, ya kula maka ranar Lahadi, kowa ya bauta wa Allah, zumunci kuma ya ƙaru.

Mai gona da ke ɗaukar 'yan ƙodago shi ma yana da alhaki a wuyansa. Bai dace ka zauna a majami'a cikin farar riga, alhali ka tilasta wa ɗan'uwanka mai bi ya yini yana tsinka maka tumatir ba. A wasiƙarsa ta 1998 a kan Ranar Ubangiji, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar da cewa Lahadi rana ce ta sujada, ta hutu, ta iyali, ta kuma taimakon mabukata. Hutun talaka haƙƙinsa ne.

Muna kuma da misali a wurin Waliyyi Isidore, majiɓincin manoma, wanda ya rayu kusa da Madrid a ƙasar Sifen, ya rasu wajen shekarar 1130. Shi ba mai gona ba ne, ɗan ƙodago ne a gonar wani attajiri. Kowace safiya yakan fara zuwa Misa kafin ya kama garma, har abokan aikinsa suka kai ƙararsa cewa yana makara. Amma aikinsa bai gaza na kowa ba. Ikilisiya tana tunawa da shi ranar 15 ga Mayu, daidai lokacin da muke zuba ido ga hadarin farko.

5. Abin da za mu yi

Masu kula da ruwa sukan rufe ƙofa wani lokaci domin a yashe kwata, kuma duk manomi mai hankali ya san cewa rufewar nan ce take sa ruwa ya kai ƙarshe. Bari kowane gida ya yi haka.

Na farko, a tsayar da lokaci guda kowane dare, ko da na minti goma sha biyar ne, da uba, da uwa, da yara za su zauna a tabarma ɗaya, a kashe rediyo, a ajiye waya, a karanta Bishara, a ja carbi ko da gida ɗaya ne.

Na biyu, a shirya wa Lahadi tun daga ranar Alhamis. A tsara tsinka, da feshi, da alkawarin mota yadda ba za su ci safiyar Lahadi ba.

Na uku, kada a cire yaro daga makaranta ko ajin katikisim saboda gona. In hannu ya yi kaɗan, a farfaɗo da gayya a tsakanin masu bi.

Na huɗu, mu tuna cewa Azumi da Mako Mai Tsarki sukan faɗo ne a tsakiyar tsinkar tumatir da yankan alkama. Kowa ya ƙudurta tun yanzu abin da zai bari domin ya bi Hanyar Gicciye tare da jama'a.

Tambayoyin tattaunawa

(a) A cikin makon da ya wuce, wa ya sha a bakin ƙofar lokacina, wa kuma aka bari a ƙarshen kwata?
(b) Wane aikin Lahadi ne dole ne a gare mu, wanne ne kuma sabo kawai?
(c) Ta yaya majami'armu za ta taimaki gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai karɓa musu juyin ruwa?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ba da damina da rani, mun gode maka domin ruwan sama da ruwan kwata. Ka sa albarka a gonakinmu da na maƙwabtanmu. Ka koya mana ajiye fartanya a lokacin da ya dace, domin gidajenmu su sha daga lokacinmu, zukatanmu kuma su huta a wurinka. Muna roƙo ta wurin Yesu Kiristi Ubangijinmu. Amin.