Kafin a Kaɗa Ƙararrawa

Kishiyata, uwarki ta gaya mini tun da kika dawo daga gasar makarantu kika cusa takalman gudunki ƙarƙashin gado, kika ce ke da fili har abada, wai don kin zo ta biyar. Ta ce ke ce a gaba har zagaye biyu, daga nan numfashi ya ƙare miki, kina ji kina gani suka wuce ki ɗaya bayan ɗaya. To, share hawayenki ki matso kusa, in ba ki labarin wata wadda ita ma ta taɓa zuwa ta biyar.

Sunanta Faith Kipyegon, 'yar ƙasar Kenya, an haife ta a 1994, ita ce ta takwas cikin 'ya'ya tara. A ƙauye ta tashi, kuma ba takalmi a ƙafarta ta ci gasar duniya ta matasa ta gudun ƙetare daji a Sifaniya a 2011. Kowa ya ce ga tauraruwa ta fito. Shekara na zagayowa ta je Olamfik a Landan, aka fitar da ita tun zagayen farko. A 2013, a gasar duniya ta Mosko, ta zo ta biyar a mita 1,500, daidai matsayin da ya sa ki kuka. A 2015 a Beijing ta zo ta biyu, bayan Genzebe Dibaba ta Habasha. Kin ga yadda take hawa? Taki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hawan tsani.

Ki san halin tseren nan naku. Mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu na fili mai mita 400. Ya fi ƙarfin a zuba gudu tun daga farko, bai kuma kai tsawon da za a yi ta jan jiki ba. Mai hankali takan lafe a bayan ta gaba, ta bar iska ta daki wata, tana sauraron numfashinta da na abokan karawarta, tana ajiye ƙarfinta kamar mai tanadin hatsi don bazara. Sai an kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe ake buɗe rumbu. Ke kuwa kin rabar da naki tun kaka.

Haka Faith ta yi a Olamfik ta Rio a 2016. An fara tseren a hankali, can sai Dibaba ta fizga. Faith ta bi ta sau da ƙafa, ba ta yi garajen wucewa ba, sai da ya rage kamar mita 200 sannan ta saki ƙafa, ta ɗauke zinariya. Lokacin nan ƙauyen iyayenta, Ndabibit, ko wutar lantarki babu, sai bayan wannan nasara aka ja musu. Ki duba, ƙafar yarinya ɗaya ta haska gari guda.

Abin da ya fi burge ni a labarinta yana gaba. Ta ci gasar duniya a Landan a 2017, tana kan ganiyarta, sai ta tsaya. A watan Yunin 2018 ta haifi 'yarta, kuma aiki aka yi mata. Ni da na san zaman jego, na san jikin da aka yanka ba ya son gaggawa. Ta yi watanni ba ta gudu, ta bar jiki ya murmure, sannan ta koma sansanin Kaptagat wajen mai horarwa Patrick Sang, wanda ya horar da shahararren ɗan gudu Eliud Kipchoge. Can kan tudu ne mai sanyi, zakarun duniya na kwana a ɗakuna marasa ƙawa, suna shara da kansu, suna fita gudu tun da asuba. Da ta dawo gasar duniya a Doha a 2019, Sifan Hassan ta sha gabanta, ta karɓi azurfa ta koma atisaye.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta ci zinariya a Olamfik ta Tokyo a 2021. A watan Yunin 2023 a Florence ta gama mita 1,500 cikin minti 3 da daƙiƙa 49.11, ta shafe tarihin da Dibaba ta kafa tun 2015, ta zama mace ta farko da ta sauko ƙasa da minti 3 da daƙiƙa 50. Kafin Yuli ya ƙare ta ƙara da tarihin mita 5,000 da na mil ɗaya. A Faris a 2024 ta ci zinariyar Olamfik ta uku a jere a mita 1,500, abin da ba namiji ko macen da ta taɓa yi. Duk gudunta mafi sauri, tana uwa ta yi shi. Kuma har yanzu takan nemi abu ta rasa: a Yunin 2025 ta gwada gama mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, abin ya gagara, bayan kwana tara ta sake karya tarihinta na mita 1,500 a Amurka.

Ban ce lallai sai kin zama Faith ba, kowa da rabon da Allah ya tsaga masa. Abin da nake so ki ɗauka shi ne sanin lokacin riƙe ƙarfi da lokacin sakinsa, don zai yi miki amfani a fili, a aji, har a ɗakin aure. Ki roƙi malamarku ta wasanni ta riƙe miki agogo, ki koyi yin kowane zagaye da lokaci kusan ɗaya. Ki ci abinci ki ƙoshi, ki yi barci, in gwiwa ko agara ta yi ciwo ki faɗa, kada ki ɓoye don kunya. Littafinki kuma kada ya bi takalman zuwa ƙarƙashin gado, domin ƙafa tana tsufa kafin kai.

Tashi ki ciro su ki kakkaɓe ƙurar. Gasa mai zuwa da ni za a je, da sandata da tabarmata, kuma idan na gan ki a gaba tun zagayen farko, ni da ke ne a gida. Allah ya yi miki albarka.