Yadda Ake Tsare Kwale-kwale Lokacin Nutso da Kamun Kifi da Mashi

Masuncin da ke zaune cikin jirginsa yana jefa birgi, jirgin yana ƙarƙashin ikonsa. Amma wanda zai fita daga jirgi ya faɗa ruwa, ko don ya soki kifi da mashi, ko don ya kwance kallin da ya maƙale a ƙasa, to, ya bar dukiyarsa da hanyar komawarsa gida a hannun iska da gudun ruwa. Wannan darasi ya shafi irin wannan mutum ne, ko a Kogin Kwara yake, ko Binuwai, ko Tafkin Kainji, ko Tafkin Chadi, ko bakin teku.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne, jirgin da ba kowa a cikinsa ya fi mai iyo sauri. Da zarar nauyin mutum ya fita, jirgi sai ya ɗago sama, jikinsa ya tare iska, ya riƙa sulɓewa a kan ruwa kamar busasshen ganye. Gwanayen iyo na duniya ba su wuce gudun kilomita 8 zuwa 9 a awa guda, wannan ma a ɗan gajeren zango ne, cikin ruwa mai kwanciya. Masuncin da ya fito daga nutso yana haki, ga mashi a hannu, ba zai yi ko rabin haka ba. Idan ya bi jirgin da iska ta ɗauka, jirgi na ƙara nisa, shi kuma ƙarfinsa na ƙarewa, ga shi ya yi nisa da gaɓa.

Abin ya fi tsanani ga ƙaramin jirgin nan da ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace su shiga farauta da shi. A yau da roba mai tauri ake yin mafi yawansu, kuma masu nutso a ƙasashe da yawa sun fi son irin wanda ake zama a bisa bayansa, domin yana da sauƙin sauka da hawa a tsakiyar ruwa. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya yana iya jansa zuwa bakin ruwa. Wannan rashin nauyi shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi kayak, ya kuma shafi ƙaramin kwale-kwalen itace ko na katako.

Anka da igiyarsa

Anka shi ne ƙarfe ko wani abu mai nauyi da ake saukarwa ƙasan ruwa don ya tsai da jirgi. Mutane da yawa suna tsammanin nauyin anka ne ke riƙe jirgi. Ba haka ba ne. Abin da ke riƙewa shi ne yadda anka ya kama ƙasa, kuma ba ya kamawa sai igiya tana jansa a kwance. Idan igiya gajera ce, ta miƙe tsaye daga jirgi zuwa ƙasa, to, duk lokacin da raƙumin ruwa ya ɗaga jirgi sai ya ɗaga anka tare da shi, anka ya yi ta tsalle a ƙasa, jirgi ya yi ta tafiya sannu sannu ba tare da mai shi ya sani ba.

Saboda haka wajibi ne tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa. A ruwa mai kwanciya, ninki uku ya isa. Idan akwai iska ko ruwa na gudu, a saki ninki biyar har zuwa bakwai. Ga misali: inda zurfin ruwa ya kai mita 5, wato kusan gaba uku, a saki igiya mita 15 in babu iska, in kuwa iska ta taso a ƙara ta kai mita 25 ko 35. Wanda ya fita da igiya mita 10 kawai, ya sani bai da abin tsayawa a wurin da zurfinsa ya wuce mita 3. Yana da kyau a sa ɗan guntun sarƙa, mita ɗaya ko biyu, tsakanin anka da igiya. Nauyin sarƙar yana kwantar da igiya a ƙasa, yana kuma hana duwatsu cinye ta.

Igiyar nailan ta fi dacewa da wannan aiki, domin tana nutsewa, tana kuma ɗan miƙewa idan an fizge ta, ba ta tsinkewa farat ɗaya. A duba ta daga farko har ƙarshe kafin a bar gida, musamman wurin da take gogar bakin jirgi. Rana tana cinye igiyar roba, wadda ta fara yin gari a hannu ta gama aiki.

Irin ankan da za a ɗauka ya danganta da irin ƙasan wurin. A rairayi ko laka, irin na Binuwai, ana bukatar mai faffaɗan baki wanda zai nutse cikin ƙasa. A wuri mai duwatsu, mai ƙugiyoyi huɗu ya fi kamawa, kuma mai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa kayak. Wanda ba shi da halin saye yana iya cika gwangwani da siminti ya kafa zoben ƙarfe a ciki, ko ya cika buhu da yashi, amma ya sani waɗannan da nauyi kaɗai suke riƙewa, ba za su tsaya wa ruwa mai ƙarfi ba.

Tafkin Kainji yana da tasa matsala. Lokacin da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya rufe tsohon garin Busa da gonaki da dazuzzuka, har yanzu kuwa akwai kututturan itatuwa a ƙasa. Anka mai ƙugiya yana shiga cikinsu ya ƙi fita. Dabarar ita ce a ɗaure igiya a gindin anka, wato wajen ƙugiyoyi, sannan a kwantar da ita a jikin ƙarfen a kama ta a zoben sama da ɗan siririn zare. Idan anka ya maƙale, sai a tuƙa jirgi a wuce ta kansa a fizga da ƙarfi, zaren ya tsinke, anka ya fito ta baya. Haka nan kuma ruwan tafkin yana hawa yana sauka kimanin mita 10 a cikin shekara, don haka wurin da aka sani da zurfin gaba biyu a bazara ba shi ne zurfinsa ba bayan cikar ruwa. A auna zurfi kowace fita. Kada kuma kowa ya kuskura ya tsaya ko ya yi nutso kusa da bakin madatsa, ko a Kainji, ko Jeba, ko Shiroro, domin ruwan da injuna ke zuƙa yana jan mutum ƙasa.

A wuraren da ruwa ba zurfi, irin yawancin sassan Tafkin Chadi da fadamu, sandar tuƙi ta wadatar. A kafa ta sosai cikin laka, a girgiza a ga ta kama, sannan a ɗaure jirgi da ita.

Inda ake ɗaure igiya

Nan ne ake yin kuskuren da ke kifar da jirgi. Igiyar anka daga hancin jirgi take fita, ko daga gindinsa, ba daga gefe ba ko kaɗan. Jirgin da aka ɗaure ta hanci yana fuskantar ruwa, ruwa na rabewa yana wucewa ta hagu da dama. Wanda aka ɗaure ta gefe kuwa yana gicciyewa, ruwa ya taru a jikinsa, igiya na jan gefen nan ƙasa, kafin a ankara ya kife. Ƙaramin jirgi mai ƙunci irin kayak ba ya jure wannan ko na ɗan lokaci. Masu kayak sukan zagaya wata igiya daga hanci zuwa gindi, da zobe a jikinta, yadda mutum yana zaune zai saki anka kusa da shi, sannan ya ja zoben ya kai igiya can hanci. Mai kwale-kwale ma yana iya yin haka.

A ɗaya ƙarshen igiya a ɗaura gora ko jarkar da ba komai a ciki, an toshe bakinta. Amfaninta shi ne, idan babban jirgi mai inji ya nufo, ko wani gungumen itace ya taho da ruwa, ana iya sakin igiya gaba ɗaya a kauce, daga baya a dawo a tarar da gora tana nuna wurin. Don haka muddin mutum yana zaune cikin jirgi, ƙullin da zai yi shi ne wanda ke warwarewa da fizga ɗaya. Amma idan zai shiga ruwa ya bar jirgin, sai ya sake shi da ƙulli mai ƙarfi, gama ƙullin fizga yana iya kwancewa da kansa in jirgi na ta rawa.

Bayan an saki anka kada a yi gaggawar faɗawa ruwa. A zauna tukuna, a zaɓi abubuwa biyu a gaɓa waɗanda suka yi layi ɗaya, kamar giginya da wani dutse a bayanta, a zuba musu ido na ɗan lokaci. Idan suka rabu da juna suka yi ta rabuwa, anka yana ja, sai a ƙara igiya ko a sake wuri. Nutson farko kuma a bi igiya a gangara a duba yadda anka ya zauna. A bakin teku, wajen Legas ko Kalaba, ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a kowane kwana, idan ya juya jirgi ma juyawa yake, anka yana iya tumɓukewa. A sake dubawa bayan kowace juyawa.

Kafin a sauka, a ɗaure filafili da jikin jirgi, haka ma duk wani kaya. Jirgin da aka iske ba filafili bai fi gungume ba. A saki wata igiya mai yawo a kan ruwa daga gindin jirgi, mita 15 ko 20, da gora a ƙarshenta. Wanda ruwa ya wuce da shi kaɗan zai iya kama ta ya jawo kansa. Inda jirage masu inji ke wucewa a kafa tuta. Wadda aka sani a dokar jiragen ruwa ta duniya fara ce da shuɗi, akwai kuma ja mai farin layi a karkace wadda masu nutso suka saba da ita.

Mutum a cikin ruwa

Mai nutso ya fara aikinsa ta gaban jirgi, wajen da ruwa ke fitowa, lokacin da yake da sauran ƙarfi. Idan ya gaji, ruwa da kansa zai dawo da shi wurin jirgi. Wanda ya fara ta baya, zai dawo ne yana kokawa da ruwa a gajiye.

Akwai masu cewa maganin ɓatan jirgi shi ne mutum ya ɗaura igiyarsa a ƙugu ko a ƙafa. Wannan mugun magani ne. Igiyar da ke jikin mutum in ta naɗe kututture a ƙasa, ta ɗaure shi ke nan a inda ba numfashi. In kuma iska ta fizgi jirgi, shi za ta fizga. Wanda yake son ya riƙa jan jirginsa yana bin kifi, a ruwan da ba gudu, ya ɗaura igiyar a jikin mashin, ba a jikinsa ba, yadda zai iya saki a kowane lokaci. Sarkawa na dā sun san wannan, shi ya sa igiyar zagonsu a jikin abu mai yawo take ɗaure. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, kuma ko wanda bai kai rabin haka ba ya isa ya ja mutum ƙasa. A bar shi ya ja gora har ya gaji. Kowane mai nutso ya riƙe wuƙa mai kaifi a inda kowane hannu zai kai gare ta, saboda igiya da tsofaffin kalli. Kifin da aka soka a kai shi jirgi, kada a rataya shi a jiki, domin jini yana jawo kada a kogi, da manyan kifaye a teku.

Duk da waɗannan dabaru, babu ankan da ya kai mutum na biyu. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana sama yana kallonsa, yana kuma kallon sararin sama. A farkon damina hadari yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi cikin ɗan lokaci kaɗan, wanda kansa ke cikin ruwa ba zai gan shi ba. Da hunturu kuma hazo yana ɓoye gaɓa. Akwai wani dalili kuma: masu yin numfashi da sauri da sauri kafin nutso, don su daɗe a ƙasa, suna iya suma ba tare da wata alama ba, yawanci suna dab da fitowa. A bar wannan ɗabi'a. Wanda ya suma a ruwa, in ba wanda zai ɗago fuskarsa nan take, ba ya farfaɗowa.

Rigar da ke hana nutsewa a sa ta duk lokacin da ake tuƙi, kamar yadda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, take umurtar masu shiga jirgi. Idan za a yi nutso a cire ta a ɗaure a inda za a iya kai hannu daga cikin ruwa. A kuma koyi hawa jirgi daga ruwa tun a wuri marar zurfi: a riƙe gefe, a bar ƙafafu su taso baya, a buga su, a kwantar da ciki a kan jirgin, sannan a juya a zauna. Mai bindigar mashi ya sassauta robarta kafin ya ɗora ta a jirgi.

In kuwa duk da haka aka fito aka tarar jirgi ya tafi, kada a bi shi sai in yana dab da hannu. A saki duk wani abu mai nauyi, a rungumi gora, a kwanta a kan ruwa numfashi ya dawo. Sannan a nufi gaɓa mafi kusa a karkace, ana bin gangaren ruwa, ana ɗaga hannu ana kira in an hango wani jirgi. Jirgin da ya tafi ana iya samunsa gobe a wani tsibiri ko a hannun masuntan ƙasa, musamman in an rubuta sunan mai shi da na garinsa a jikinsa da fenti.