Kyankyaso a Gida: Yadda Za a Raba Shi da Ɗaki da Madafi

Jama'ar Machina, da na Nguru da Gashuwa, ga wata magana wadda kowane gida ya san ta, amma ba a cika kai ta zaure ba, don ana jin kunyarta. Maganar kyankyaso ce. Uwargida ta tashi da dare ta haska tocila a madafi, sai ta ga bayan kwanuka ya yi baƙi, suna ta watsewa. Gari ya waye ta aiki yaro kasuwa ya sayo fiya-fiya, a fesa, a share gawarwaki, bayan wata guda su dawo kamar ba a yi ba. Dalilin dawowar tasu shi ne abin da ya kamata mu fahimta tukuna.

Iri biyu ne suka fi damunmu. Akwai babban, ja-ja, mai tashi sama idan zafi ya tsananta. Gidansa ramin masai ne da kwata. Turawa suna danganta shi da Amurka, alhali asalinsa na Afirka ne, jiragen ruwa suka haye da shi. Akwai kuma ƙaramin, mai ratsi biyu a ƙeya, wanda ke zama cikin kabad, da bayan kwallayen jere, da cikin rediyo da firji. Macen kowannensu tana zuba ƙwai ne cikin wata 'yar jaka mai tauri mai kama da ƙwayar wake. Jakar babban takan ɗauki ƙwai kamar 16, ta ƙaramin kuwa 30 zuwa 40. Maganin feshi ba ya ratsa wannan jaka. Ka kashe iyaye yau, bayan mako huɗu zuwa takwas 'ya'ya su ƙyanƙyashe. Ka ga ke nan ba mai kanti ne ya sayar maka da jabu ba.

Kada kuma a ɗauka ƙazanta ce kawai ta ganin ido. Kyankyason da ya kwana kan sauran burabusko, da magariba daga masai ya fito. A ƙafafunsa da kashinsa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu jawo gudawa da atuni. Ɓawon da yake tuɓewa, idan ya bushe ya bi ƙura, yakan tayar wa yara da ciwon fuka.

To, ga inda Allah ya ba mu sa'a. Kyankyaso yana iya yin kusan wata guda bai ci komai ba, amma ƙishirwa takan kashe shi cikin mako ɗaya ko kusa da haka. Ƙasarmu kuwa ta rairayi ce, damina gajera, bazara mai zafin da ke wuce awo 40. Mutumin Machina ya san tsawon igiyar guga, ya san darajar kowane ɗigo. A irin wannan ƙasa kyankyaso ba shi da inda zai sha sai inda muka zuba masa: gindin randa da ke naso, wurin wanke-wanke da ba ya bushewa, bakin famfo mai ɗiga, kwanon ruwan kaji da aka bari ya kwana, da masai. Ku ɗora randa kan duwatsu ko gammon ƙarfe yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinta. Ku zuba rairayi a wurin wanke-wanke, ku buɗe wa ruwan hanya ya fita. A yi wanke-wanke da dare a kife kwanuka. Jiƙa tukunyar ƙanzo a bari sai safe shimfiɗa walima ce. Mutanen Nguru da Gashuwa, da ke kusa da fadama da kogin Yobe, aikinsu a nan ya fi na Machina yawa, musamman da damina.

Masai kuwa shi ne uwar matsalar, kuma wannan aikin maigida ne, ba na mata ba. A yi wa ramin murfi na katako ko na ƙarfe, mai mariƙi, wanda zai zauna daram ba tare da kafa ba, a koya wa yara mayar da shi. A riƙa zuba toka bayan an kewaya. Duk tsagar da ke dakalin a liƙe ta da siminti, in akwai bututun fitar da wari a ɗaure masa raga a baka. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake shiga gida a leƙa randa a duba masai, wanda aka samu da sakaci ya biya tara. Mutane sun ƙi jinin duba-gari, amma murfin masai bai ɓace ba a zamaninsa.

Sai hanyar shigowa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930 garin ya zama matattarar kaya, yanzu kuma motoci ne ke yi. Kwalin banda, da buhun da aka daɗe da jibgewa a sito, da tsohon firji na gwanjo, duk sukan zo da ƙwai. A kakkaɓe su a tsakar gida cikin rana, kwalin kuma a ƙone shi, kada a tura shi ƙarƙashin gado.  

In an gama waɗannan, sannan a zo maganar magani. Wanda ya fi amfani shi ne wanda kyankyaso zai ci ya koma maɓoyarsa ya mutu, 'yan'uwansa su ci gawar su ma su bi shi. Akwai mai kauri da ke zuwa cikin sirinji, ana ɗiga shi kaɗan-kaɗan a lunguna. Akwai hodar borik asid, a cuɗa ta da ɗan gari da sukari, a ajiye bayan kabad inda yaro da kaza ba za su kai ba. Irin wannan magani yana son haƙurin mako biyu ko uku, kuma kada a yi feshi kusa da shi, don warin zai kore su daga ci.

Abin da muke jan kunne a kansa shi ne Sniper da fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalba ba suna. Maganin gona ne, mai guba ƙwarai, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake ta fi shi muni. Hayaƙinta ya sha kashe iyali a ɗakin barci. Allin kyankyaso ma yaro yakan ɗauka ya kai baki. Kada garin neman gira a rasa ido.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha irin wannan, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A cire masa rigar da maganin ya taɓa, a ɗauki kwalbar, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Bulamai da lawanai kuma, muna roƙonku ku sa rana guda unguwa ta yi wannan aiki tare, domin gida ɗaya in ya gyara, masan maƙwabci yana buɗe, kyankyaso ta katanga zai dawo.