Saitin Injin Babur: Aikin Mai Babur Ko Na Bakanike?

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, ba baƙon abu ba ne a ga mai babur, musamman ɗan acaɓa, ya ɗauki sukundireba ya matse kafireto da kansa domin rage shan mai. Kafireto ita ce mahaɗar fetur da iska kafin su shiga inji. Bisa ƙa'ida, kashi 1 na fetur yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska idan aka auna nauyinsu. In fetur ya yi yawa, salansa takan fitar da baƙin hayaƙi, bakin fulogi ya yi baƙi ƙirin. In kuwa aka matse shi fiye da kima, inji yakan ɗauki zafi, fulogi ya yi fari fat, daga bisani bawul ko fistin ya ƙone. Kuɗin gyaran wannan ɓarna kan zarce abin da aka tsimi na mai nesa ba kusa ba.

Canza baƙin mai da wanke matatar iska da goge fulogi ba su fi ƙarfin mai babur ba. Saitin bawul kuwa aikin bakanike ne, domin tazarar da ake bari ba ta kai rabin milimita ba, kuma da ma'auni ake gwada ta bayan inji ya huce. Sai dai ba duk mai riƙe da sifana ne bakanike ba. Wani da kunne kawai yake saiti.

Jinga: Ɗalibi ya fitar da kalmomin aro guda 5 daga wannan bayani, ya nuna yadda Hausa ta sarrafa furucinsu.